Gammon Kakana a Kasuwar Sojojin Dalma

Ranar Asabar ɗin da ta wuce na tashi daga aikin dare ƙarfe bakwai na safe, ban ko biya gida ba na kama jirgin ƙasa daga Luton zuwa Landan. Sanyin Disamba ya sa kowa ya dunƙule a kujerarsa. Hannuna na cikin aljihun rigar sanyi, ina riƙe da gwangwanin alewa da na cika da auduga. A cikin audugar akwai wani ɗan mutum na ƙarfe wanda bai kai tsawon manuniyata ba. Tun watan Maris nake aikinsa, kuma akwai dattijon da na yi wa alkawari zan kawo masa ya gani.

Inda za ni, baje kolin sojojin wasa ne da ake yi a zauren wata makaranta daf da tashar Chalk Farm, a arewacin Landan. Zuwana na shida ke nan. Duk sanda na faɗa wa 'yan uwanmu na nan inda nake zuwa, sai su ɗauka kasuwar yara ce. Yaran da ke ciki kuwa da yatsu za ka ƙirga su. Dattawa ne masu furfura, tabarau rataye a wuya, wasu da gilashin ƙara girma a hannu, suna bin teburori a hankali kamar masu neman allurar da ta faɗi. Tun kafin a buɗe ƙofa ake yin layi, kuma masu son su riga kowa tsintar abin kirki sukan ƙara kuɗi a bar su su shiga da wuri.

Kana sa ƙafa, ƙamshin tsohon kwali da fenti da kofi zai tarbe ka. Sai launuka su cika maka ido. Ga dogaran Sarauniya da jar riga da doguwar baƙar hula, ga mahayan Napoleon, ga sojojin Rum da garkuwa, ga tankokin yaƙin Hitila da aka shafa musu taɓo na fenti har ka rantse yanzu suka fito daga fadama. Kusan duk tsawonsu ɗaya, milimita 54 daga tafin ƙafa zuwa ka, wato an rage mutum sau 32. A ƙarƙashin kowane tebur kuma akwai kwalin gwanjo, inda ake zube masu karyayyen hannu da waɗanda kansu ya cire, fam ɗaya ko biyu kowanne. Ni can na fi daɗewa, a tsugune.

Muna yara a Tudun Wadan Zariya da laka muke gina shanu da dawaki, mu shanya a rana, mu yi motar langa-langa, mu hau dokin kara. Wata sallah kawuna ya sayo min ƙullin sojojin roba koraye daga kasuwar Sabon Gari, na yi wasa da su har sai da suka ɓace ɗaya bayan ɗaya a cikin rairayin tsakar gida. Na manta da su shekara talatin. Sai wata Lahadi a wata kasuwar gwanjo a nan Ingila na ɗauki wani sojan ƙarfe, na ji shi sakayau a hannu, ba nauyin da idona ya zata. Na juya shi na ga ɗan rami a tsakar kansa. Wannan ramin ne ya ja ni har zuwa inda nake yau.

Ga labarin ramin. Da can Jamusawa ne ke riƙe da wannan sana'a. Mutanen Nuremberg suna zuba sojoji na kuza masu faɗi kamar kwabo, kamfanin Heyde na Dresden kuma yana yin cikakku, dalma zalla ciki da waje, masu nauyi da tsada. A 1893 William Britain ƙarami, a Landan, ya fito da wata dabara: a kwarara narkakkiyar dalma cikin abin zubi, gefen da ya taɓa ƙarfe mai sanyi ya daskare nan take, kafin tsakiyar ta kama sai a kife a tsiyaye ta. Abin da zai rage ɓawo ne kawai mai siffar soja, cikinsa fanko. Dalmar da za ta yi soja ɗaya a Jamus sai ta yi da yawa a Landan, farashi ya faɗi, yaran Ingila suka koma sayen na gida. Ramin nan na ka, ta nan dalmar ta fita. Ranar da aka yi min wannan bayani sai na tuna masu zubin tukwanen alminiyom da nake tsayawa kallo in an aike ni kasuwa, yadda mai zubi ke sanin lokacin da ƙarfe ya yi ba tare da agogo ba. Na tabbata da za a haɗa su da ma'aikatan William Britain, ba sa bukatar tafinta.

Kamfanin William Britain ya daina yin irin waɗannan na dalma a 1966, saboda dokokin kare yara daga gubarta, kuma roba ta riga ta cinye kasuwa. Daga nan abin wasa ya zama abin tarawa. Yanzu soja takwas da ke cikin dogon jan kwalinsu na asali, ɗaure da zarensu na asali a jikin takarda, sun ninka waɗanda ba su da kwali a kuɗi nesa ba kusa ba. Na ga mutum ya ɗauki murfin kwali ya yi minti biyar yana duban kusurwoyinsa bai ko kalli sojojin ba. A zauren za ka ga mutane sun rabu gida biyu: masu son tsohon fenti mai sheƙi da jan kumatu irin na da, da masu son sababbin da kamfanoni irin su King & Country na Hong Kong ke yi, fenti marar sheƙi, har jijiyar hannu ana gani. Ni na farkon suka fi kwanta min. Na zamanin sun cika kyau, ba su bar wa mai kallo abin da zai ƙarasa da zuciyarsa ba.

Ciniki ana yi, amma a hankali. Ba a yi maka albarka da ƙarfi, ba a riƙo hannun rigarka in ka juya. Za ka tambaya a natse ko akwai ragi, ya ɗan yi shiru, ya sauke fam biyu ko uku. In ka jira har la'asar, lokacin da suka fara naɗe kaya suna tunanin ɗaukar akwatuna zuwa mota, an fi sallamawa.

A zuwana na farko na sha kuɗa. Na hangi wasu sojoji baƙaƙe da jar dara da kaki da gajeren wando, gabana ya faɗi, na ce ga su Kaka, wato kakana da ya yi soja. Mai teburin ya ce fentin asali ne, na biya abin da ya ce ban taya ba. Daga baya wani ya haska su da 'yar tocila mai shuɗin haske, sabon fenti ya bayyana ɓaro-ɓaro a kan tsoho. Ya kuma gaya min cewa waɗannan King's African Rifles ne, sojojin gabashin Afirka, na Kenya da Yuganda da Nyasaland. Kuɗin bai dame ni kamar wannan ba. Na kawo su gida na jera a wani tsohon kabad na itacen oak, bayan damina guda na ga wani farin gari kamar toka yana fitowa a ƙafafun biyu daga ciki. Ashe wannan katako yana fitar da wani tururi mai tsami da ba a gani, in ya haɗu da laima sai ya ci dalma, kuma inda ya ci ba ya dawowa. Duk mai niyyar shiga wannan harka ya riƙe wannan: wuri busasshe, iska tana shiga, kuma a wanke hannu bayan an taɓa su, kada a bar yaro ya kai baki.

Akwai maganar da na san wasu masu karatu sun riga sun yi a ransu. Wani abokina, mutumin kirki mai tsoron Allah, ya zo gidana ya gan su, ya yi shiru, can ya ce, "Malam, mutum-mutumi fa?" Ban ɗauki maganarsa da wasa ba. Na tambaya, na karanta. Malamai sun yi magana mai tsawo a kan sura, akwai masu tsanantawa, akwai masu sassauci a kan kayan wasa suna kafa hujja da 'yartsanar Nana A'isha da dokinta mai fukafukai. Abin da na yi, na kwashe su daga ɗakin da muke salla, yanzu suna cikin akwatuna a rufe, sai in zan yi aiki nake fito da su. Wanda ya ga barin abin gaba ɗaya ya fi masa, ina girmama shi.

Abin da ke mayar da ni zauren nan dai kakana ne, mahaifin babana, wanda aka sa min sunansa. Ya rasu ina aji biyu na firamare. Kofur ake ce masa a unguwa, kuma an ce ya je yaƙin Bama. Iyakar abin da na sani ke nan har na girma. Ina wucewa ta barikin Chindit a Zariya ban taɓa tambayar daga ina sunan ya zo ba. Sai a nan na gane cewa Chindit, da Dalet ta Kaduna, da Letmauk ta Ibadan, da Myohaung da Arakan na Ikko, duk daga yaƙin Bama aka kwaso su.

To ka zaga zauren nan kaf. Za ka sami Zulu da garkuwar fata, ka sami mahaya raƙuma na Masar, ka sami mutanen Mahadi suna faɗuwa a gaban bindiga a Omdurman ta 1898. Akwai mutanen da za su gaya maka yadda aka jera maɓallan rigar kowace runduna ta dogaran Ingila, wannan ɗaya-ɗaya, wannan bibbiyu, wannan uku-uku, kuma ba su yi kuskure ba. Amma runduna biyu cur da aka kwasa daga Afirka ta Yamma zuwa Bama, ta 81 da ta 82, a zuwa shida ban ga tebur ɗaya da aka jera su ba. Sau ɗaya na ga sojan Royal West African Frontier Force, wato rundunar Turawan mulkin mallaka ta Afirka ta Yamma, da wani ya yi wa fenti da hannunsa, cikin kayan fareti: jar dara, 'yar jar falmaran mai rawayan baki, jar ɗamara, gajeren wando. Ya yi kyau ƙwarai. Na ɗauke shi na daɗe ina juyawa, na kasa saye. Rundunar da Lugga ya kafa a 1897 ke nan. Ita ce ta fasa Kano a watan Fabrairun 1903, ta shiga Sakkwato a watan Maris, ta bi Sarkin Musulmi Attahiru har Burmi inda ya yi shahada a watan Yuli. Kuma yawancin waɗanda suka riƙe bindigogin da Hausa ake ba su umarni. Shekara arba'in bayan haka kakana ya shiga wannan rundunar. Duka biyun gaskiya ne, kuma ina ɗauke da su tare. Na ajiye sojan na wuce.

A watan Maris na bana na tsaya a teburin wani dattijo da ba ya sayar da komai. Zama yake yi da 'yan kayan aikinsa yana nuna yadda ake sāke soja: a yanke hannu a sauya masa tsayuwa, a cire kan wannan a ɗora wa wancan, a cike gurbi da wani irin ƙulli mai suna Milliput da ake murɗa kala biyu a haɗa ya daskare kamar dutse. Na gaya masa abin da nake nema. Ya ce bai san komai a kan sojojinmu ba, amma in babu a kasuwa sai in yi da kaina. Sai ya ɗauki fensir ya fara tambaya. Wace irin hula ya sa? Da takalmi ko babu? Me ke hannunsa na dama? A tsaye yake ko tafiya yake yi? Ko ɗaya ban iya amsawa ba. Ya ce, "Soja mai milimita 54 ba ya karɓar 'wataƙila'. Duk abin da za ka ɗora masa sai ka yanke shawara." Ya miƙo min takardar tambayoyin.

Daren nan na kira Gwaggo, ita kaɗai ta rage a 'ya'yansa. Ba ta faɗin sunana tunda na mahaifinta ne.

"Babana, lafiya da daren nan?"

"Lafiya lau, Gwaggo. Ya jikin? Tambaya ce da ni a kan Kaka. Wace irin bindiga ya riƙe a Bama?"

Ta yi shiru, sannan ta ce, "Bindiga kuma? Ai Baba kaya ya ɗauka. Ba ka tuna tsakar kansa ba gashi? Gammo ne ya cinye shi."

Mun fi awa ɗaya. Abubuwan da ban taɓa ji ba suka yi ta fitowa. An sa su a jirgin ruwa daga Ikko zuwa Indiya, ya yi ta amai har ya ce ba zai kai ba. A dajin Bama babu hanyar mota, jirgin sama ke jefo kaya da laima, su kuma su tsince su ɗora a ka, harsashi da abinci da magani, su hau dutse su gangara su ratsa kogi. Adda ce a kugunsa, da ita suke sare hanya. Ruwan sama ba ya ɗaukewa, matsattsaku suna shiga har cikin takalmi, da wutar taba suke cire su. Ya dawo a 1946 da ciwon wuya da ke tashi duk lokacin hunturu, ita ce ke dafa masa ruwa tana gasa masa. Ta ce bai cika ba da labarin ba sai in wani abokinsa na Samaru ya zo, su shige zaure su yi ƙasa da murya. A ƙarshe ta ce, "Shekara nawa ba wanda ya tambaye ni wannan, Babana. Allah ya yi maka albarka."

Na shiga hotunan Imperial War Museum, gidan tarihin yaƙi na Ingila, a intanet na same su kamar yadda ta faɗa: hula mai faɗin baki, kayan daji koraye, layin mutane da kaya a ka cikin ruwa har ƙugu. Sannan na ga tambarin rundunonin biyu. Na runduna ta 81 baƙin gizo-gizo ne a kan rawaya, Anansen mutanen Ashanti, ɗan uwan Gizonmu na tatsuniya. Na ta 82 kuwa, wadda ta shiga Myohaung a Janairun 1945, māsu biyu ne a gicciye a kan gammo. Gammo dai da muka sani, na mai tallan ruwa da mai ɗaukar itace. Na daɗe ina kallon allon wayar. Su kansu hafsoshin sun san da wuyan wa aka yi tafiyar.

Aikin ya ci ni. Na sami wani sojan Ingila marar kai a kwalin gwanjo, na kankare tsohon fenti, na yanke hannun hagu na ɗaga shi sama ya dafa kaya. Sau uku hannun yana karyewa a kafaɗa kafin in koyi sa siririyar waya a ciki. Akwatin harsashin da guntun katako na yi shi. Addar daga murfin gwangwanin sardin na yanko. Fatar jiki ta fi komai wuya, domin fentin da ake sayarwa da sunan baƙar fata baƙi ne ƙirin kamar gawayi, babu mutumin da yake haka. Sai da na haɗa ruwan ƙasa da ja da ɗigon shuɗi, ina gwadawa a bayan hannuna kusa da taga, har na sami abin da ya yi kama da na gidanmu. Gammon kuwa da zaren ɗinki na naɗa shi a bakin allura, na ɗiga masa gam.

Ranar Asabar na tarar da dattijon a inda na bar shi, da fulas ɗinsa da fitilarsa. Na buɗe gwangwanin na ɗora Kaka a kan teburin. Ya sa gilashi ya duƙa, bai ce komai ba na tsawon lokaci. Sannan ya nuna da bakin fensir ya ce kafaɗar dama ta yi sama, mai ɗauke da nauyi kafaɗunsa sukan sauka. Gaskiyarsa. Ya tambayi mene ne wannan zoben da ke tsakanin kai da akwati, na faɗa masa sunansa da Hausa, ya maimaita sau biyu, ya rubuta a littafinsa. Mutum huɗu ko biyar suka taru. Wani ya ce mahaifinsa ya yi Bama, bai taɓa sanin akwai 'yan Afirka a can ba. Wani ya tambaya ko na sayarwa ne, na ce a'a. Wani kuma ya ce in kai shi Kulmbach a Jamus, inda ake babban taron masu sojojin kuza duk bayan shekara biyu a watan Agusta, a gindin fadar Plassenburg. Ina da niyya, in Allah ya kai mu.

A jirgin dawowa na ɗauki hotonsa a kan tafin hannuna na tura wa jikar Gwaggo ta WhatsApp ta nuna mata. Muna wuce St Albans saƙon murya ya shigo. Na kara a kunne. Ta yi salati, ta yi masa addu'a, na ji muryarta ta ɗan karye. Sannan ta gyara murya ta ce, "Babana, ya yi kama, har tsayuwar. Amma gammon ya yi ƙanƙanta. Nasa da tsohon bargo yake naɗawa, kauri gare shi, ya ce in ba haka ba akwatin ƙarfe sai ya huda maka kai. Kuma wuyansa ya fi haka tsawo."

Na sayo zare mai kauri jiya. Wuyan sai na sake yanke kan in ƙara waya, ga kuma kafaɗar da za a sauke. Ina so in gama kafin baje kolin watan Maris.